Rumbun da Ƙaramin Yaya Ya Buɗe

Daga Allah muke, can kuma za mu koma, kowa da ranarsa. Ranar Ƙaramin Yaya ta zo wata Laraba, bayan an sallame sallar asuba, a gidansa na Kankia. Mu uku Inna ta bari: Babban Yaya da ke noma a Mawashi, shi Ƙaramin Yaya wanda ya yi soja, sai ni auta, malamar firamare a Kusada. Yanzu saura mu biyu, kuma tunda ni ce mai riƙe alƙalami, ni zan faɗa.

Na sha zaman makoki, amma ban taɓa ganin mai ruɗarwa irin wannan ba. Dattawan unguwa sun cika tabarmin ƙofar gida suna magana ƙasa-ƙasa. Alhini na ciki, amma sabo ya fi yawa, don shekara da shekaru haka suke yi in suna kusa da gidan nan. Maigidana ya ba ni labari cewa wani tsoho a cikinsu ya fara zancen tsadar taki, ya waiwaya ya dubi ƙofar zaure, ya rage murya, sannan ya tuna. Ya ce, “Kai, ji mu! Wa kuma ya rage shi ji mu?” Ya yi 'yar dariya, dariyar ta juye masa kuka, sai da aka miƙa masa ruwa.

Tsofaffin sojoji sun zo, wani da sanda, wani hannun rigarsa ɗaya a naɗe. Su ba su zauna ba, jikin bango suka jera a tsaye har aka fito da shi. Wani mai gilashi ya taso daga Kaduna a fijo, ya shigo har tsakar gida ya durƙusa gaban matar marigayin. Yaro ne a kan Yaya nesa ba kusa ba, amma shi ne shugabansa a ofis. Ya buɗe baki zai yi gaisuwa, maganar ta ƙi fitowa, ƙarshe ita matar ce ta koma ba shi haƙuri.

Da hantsi sai ga matan Mawashi cikin motar kasuwa. Ɗaya daga cikinsu ta turo mini wata doguwar budurwa ta ce, “Malama, kin ga wagga? Jar dawarshi ta tashe ta. Ba don shi ba da ta daɗe a ƙasa.” Ba ta gama rufe baki ba na ji wata a bayanta tana cewa a hankali, “Allah dai shi gahwarta mashi abin da ya yi ma wanshi.”

Duk su biyun gaskiya suka faɗa, kuma magana ɗaya suke nufi, rana ɗaya. Abin da ya sa na zauna rubutun nan ke nan. Ina tsoron yaranmu su taso su ji guda, su rasa gudar.

Tun yana ƙarami Inna ke ce masa mai ido a ƙeya. In ta ɓoye ƙuli-ƙuli, ba ya binciken ɗaki, zama yake yi ya ga kwanon da take yawan kallo. Ya yi elementare a Kankia, kuma tun kafin a ba mu mulkin kai ya gudu ya shiga soja ba da sanin Baba ba. Zuwansa na farko da kaki da takalma masu ƙara ya zo, yara na binsa a baya. Da ya dawo daga yaƙin Kwango kuwa, sai aka gan shi cikin kaftani kamar kowa. Mutane suka ce, “Halan an kore ka?” Ya ce a'a, aiki aka canja masa. Wane aiki? Ya ce, “Saurare.” Daga baya wani mutumin Kunduru da suka yi bariki ɗaya ya kwance wa mutane zancen: a sashen leƙen asiri yake.

Wanda bai tashi a ƙasarmu ba, ba zai gane nauyin wannan kalma ba. Mu addu'armu ta kullum ita ce Allah ya rufa asiri. Ita uwa ke yi wa 'yarta ranar da za a kai ta, ita ɗan kasuwa ke yi in ya buɗe rumfa, ita ake yi wa wanda ya yi maka alheri. Abin da muke roƙo shi ne kada wani ya ga ranar da tukunyarka ba ta hau wuta ba. Sai ga ɗan gidanmu, gwamnati na ba shi albashi don ya leƙa abin da kowa ke roƙon Allah ya rufe. Daga nan aka laƙaba masa Kunne. Ba wanda ya taɓa kiransa haka a gabansa, kuma ba ranar da bai san ana kiransa haka ba.

Bai cika zancen aikin ba. Sau ɗaya, bayan yaƙin basasa, muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida, na matsa masa. Ya ce, “Auta, ni ban riƙe bindiga sosai ba. In an kamo mutum, sai in zauna da shi, in ba shi taba, in bar shi shi yi ta zuba. Kowa in shina ba da labari akwai wurin da yake tsallakewa. Wurin nan nike jira.” Na ce to, in ya gane fa, sai me? Ya ci gaba da ɓarar gyaɗarsa. Shi ma ya zo wurin da yake tsallakewa.

Halayensa kuwa sai wanda ya zauna da shi. Ba ya zama sai bayansa na jikin bango, fuskarsa na kallon ƙofa, ko a gidan biki ne. Ba ya tuɓe riga gaban kowa, ko ana zafin bazara, ko yana gona, har mutane suka yi ta ƙiyasin abin da ke jikinsa. Ba ya yi maka tambaya kai tsaye. Sai dai ya ce, “Ina akuyar nan mai baƙin kunne?” kai kuma ka tsinci kanka kana bayanin yadda aka yi ka sayar da ita. Lokacin da na samu cikin fari, ko maigidana ban gaya wa ba, Yaya ya zo Kusada gaishe mu, ya yi 'yar hira ya tafi. Washegari sai ga saƙon tsamiya da goruba cike da ƙwarya. Kunya kamar in nutse. Da muka haɗu na ce, “Yaya, wai kai ba a ɓoye maka komai?” Ya ce, “Ke da ba ki ƙi daddawa ba tun kina rarrahe, na ga kin kau da kai da aka buɗe miya.” Ya yi ta dariya har da buga cinya.

Da yaƙi ya ƙare ya ajiye aikin soja, alhali ana shirin ƙara masa girma. Babban Yaya ya yi faɗa, ya ce wane irin mutum ne zai bar inuwa ya dawo rana. Shi dai cewa ya yi ya gaji. Ni ce ya gaya wa sauran: “Na gaji da sanin abin da in na sani, wani ke mutuwa.”

Ya dawo Mawashi ya ce noma zai yi. Hannunsa ya manta fartanya, duk ya yi kanta ya farfashe, amma wannan bai dame shi ba. Abin da ya dame shi dandali ne. Da la'asar maza na zaune ana hira ana shewa, da ya yi sallama sai kowa ya ɗaga kai sama ya shiga zancen ko za a yi ruwa. Wata rana ya ce mini, “Auta, wai mutanen Mawashi ba su da zance sai na hadari?” Na tuntsire da dariya, sannan na dubi fuskarsa na ga ba wasa yake ba. Damina ɗaya ya yi ya tattara.

Lokacin kuɗin mai ya fara shigowa, ofisoshi na tsirowa a Kaduna, ko'ina ana neman ma'aikata. Akwai wani ofis da aikinsa shi ne nazarin amfanin gona, a gane tun da wuri ko gyaɗa da auduga da hatsi za su yi ko ba za su yi ba, don gwamnati ta san shirin da za ta yi. Can ya nema. Da suka zaunar da shi suka tambaye shi me ya yi a soja, ya rasa ta cewa, don ya yi rantsuwa ba zai faɗa ba. Ya ce musu yana cikin masu saurare. Suka ɗauka mai gyaran rediyo ne, suka ɗauke shi a ƙaramin matsayi, ƙarƙashin wannan yaro mai gilashi da bai daɗe da fitowa jami'a ba.

Da bakinsa ya ba mu labarin wautar da ya yi ta tafkawa. Kullum da safe sai ya ƙame ya sara wa yaron, yaron kuma ya rasa inda zai sa kansa. Ranar da ya gama rahotonsa na farko, ya tattara takardun gwaji ya tambayi masinja ina ake ƙonawa, ofis ya kwashe da dariya. A soja, in ji shi, rahoto hannun mutum ɗaya yake zuwa a kulle shi. A nan kuwa sai a buga shi da yawa a rarraba, har wani ya naɗe ƙosai da shi. Lissafin zamani ma bai iya ba, yaron ne ya zaunar da shi ya koya masa da haƙuri. Yakan ce, “Ɗana ne, kuma ogana ne, kuma malamina ne. Ban san da wacce zan gaishe shi ba.” Shi kuma nasa aikin yawon kasuwanni ne. Ya hau Honda ya zagaya Kankia da Kusada da Ƙofa, ya tsuguna wurin masu awo, ya yi Fulatanci da makiyaya a bakin rijiya, ya ga wa ke saye, wa ke sayarwa, me ya ɓace daga kasuwa. Waɗannan su ne shekarunsa na jin daɗi. Har tumbi ya ajiye, muna tsokanarsa. Ya ce mini, “Aikin dai shi ne, Auta, saurare ne. Amma yanzu abin da na sani abinci yake kawowa.”

Sai shekarar fari ta zo. Ruwa ya ɗauke gero na shirin fitar da kai. Shanun Fulani suka yi ta faɗuwa a bakin hanya, nono ya ɓace daga kasuwa, mata suka fara fito da kwanonin jerensu suna sayarwa a ɓoye.

Dole in faɗi wane ne Babban Yaya, don kada a yi masa gurguwar fahimta. Mutum ne da rumbunansa ke jere a bayan gida, bakin hanya, kowa ya wuce sai ya kalla. Wurinsa ake zuwa neman iri in shuka ta ƙone. Shi ke fara fitar da zakka a unguwarsu, kuma bai taɓa roƙon ko allura wurin wani ba. Ba rowa gare shi ba, ba ya kuma wulaƙanta mai nema. Shi dai ya saba hannunsa ne a sama. A shekarar nan duk wanda ya tambaye shi, amsarsa ɗaya ce: “Lahiya lau. Ko na bara ba mu buɗe ba.”

Muka je gaishe shi ni da Ƙaramin Yaya ana hutun makaranta. Aka yanka mana kaza, aka yi tuwon gero mai laushi. Na ci na yi nak, na ce a raina alhamdu lillahi, gidanmu dai Allah ya rufa asiri. A hanyar komawa, mun ɗan yi nisa, ya tsayar da babur a gindin wata tsamiya ya kashe.

Ya ce, “Auta, gidan Yaya ba hatsi.”

Na ce, “Haba Yaya! Rumbunan nan duk a liƙe suke, da idona na gani.”

Ya ce, “Kin ga kaji a gindinsu? Rumbu in da hatsi ciki, kaji ba su barin gindinshi. Turmin sussuka na kihe, har gizo ya yi saƙa. Yara kuma ba su yi wasa ba tunda muka zo, hannunmu suke kallo.” Ya ƙara da cewa, “Tuwon ga da muka ci, geron iri ne.”

Ban san sanda na zauna a ƙasa ba.

Ya koma shi kaɗai ya samu Babban Yaya a zaure, ya ce zai aiko da buhuna da dare ya yi, ba wanda zai gani. Babban Yaya ya ce, “Wa ya ce maka muna nema? Tahi da kunnenka Kaduna, nan ba bariki ba ne.” Ya aiko duk da haka, aka mayar masa da su a kan jakin da ya kawo su.

Ana nan gwamnati ta fara rabon jar dawar taimako a wuraren da abin ya fi tsanani. Ƙaramin Yaya ya sa Mawashi cikin rahotonsa, ya kuma rako jami'in rabon da mota cike da buhuna. Ranar ina gidan, na je duba autar Babban Yaya, wadda ƙafafunta suka kumbura, gashinta ya yi ja. Mu mata muna leƙe ta saman zana. Aka tara dattawa a gindin bishiya, jami'in ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tambaya. Wannan ya ce alhamdu lillahi. Wancan ya ce da sauƙi, sai dai a taimaki na gaba. Kowa na jiran wani ya fara, kuma duk idonsu na kan Babban Yaya. Shi kuwa ya gyara zama ya ce lahiya lau.

Ban ga laifin jami'in ba. Ba ɗan ƙasarmu ba ne, bai san lahiya lau ɗinmu ba, ga garuruwa na jiransa. Ya ce tunda haka ne, direba ya ta da mota.

Sai na ga Ƙaramin Yaya ya kama hannun jami'in ya ja shi bayan gidanmu, mutane suka biyo su. Ya ɗauki tsani ya jingina a babban rumbu.

Babban Yaya ya ce, “Kai, sauko.”

Ya ce, “Yaya, ka yi haƙuri.”

“Na ce ka sauko. Don darajar Inna da ke kwance a kabari, ka sauko.”

Ya tsaya a tsakiyar tsanin. Sannan ya ƙarasa hawa. Ya ture jinkar, ya fasa yumɓun da aka liƙe bakin da shi, ya zura hannu har kafaɗa. Da bai taɓo komai ba sai ya shige ciki gaba ɗaya. Da ya fito, ƙaiƙayi ne cike da tafinsa. Ya buɗe hannun a gaban jama'a.

Can wani tsoho ya ce, “Nawa ma haka yake.” Wani ya ce shi ma. Kafin ka ce me, maza na share hawaye da hannun riga, ana sauke buhuna. Babban Yaya kuwa ya juya ya shige ɗakinsa ya saki labule. Matarsa ce ta karɓi rabonsu. Yara suka ci, 'yar autar nan ta tashi, yanzu haka tana goyon nata ɗan.

Da yamma na tare Ƙaramin Yaya, raina a ɓace. Na ce duk rumbunan garin nan ya rasa wanda zai buɗe sai namu? Ya ce, “Na wa kike so in buɗe? Na wani? Namu ne kaɗai nike da ikon in kunyata.”

Babban Yaya bai yi gaba da shi ba. Mutum ne mai tsoron Allah, ya san hukuncin yanke zumunci. Yana amsa sallamarsa, yana zuwa sunan 'ya'yansa, ranar salla su yi musafaha. Abu ɗaya kawai ya ɗauke masa: bai sake gaya masa komai ba. Matarsa ta kwanta ciwo, lahiya lau. Sansa na huɗa ya mutu, lahiya lau. Idonsa ya fara yana, lahiya lau. Ƙaramin Yaya kuwa duk yana gani, don ba ya iya rashin gani. Sai ya sayi magani ya ba ni ya ce in kai, in ce ni na saya. Kowace kaka kuma sai ga damin gero daga Mawashi, an sauke a ƙofar gidansa na Kankia, ba saƙo ba gaisuwa. Mun san abin da damin ke cewa: rumbu a cike yake, ba sai ka hau ka duba ba.

Wata kaka na same shi tsaye a kan damin, ya daɗe yana kallonsa. Ya ce, “Auta, na gaji da ganewa. So nike sau ɗaya Yaya shi zaunar da ni, shi hwaɗa mani damuwarshi da bakinshi. Ko ta ciwon haƙori ce.” Wannan shi ne abin da ya nema a sauran rayuwarsa. Bai nemi a gode masa ba, bai kuma taɓa cewa ya yi nadama ba.

Ni ba na iya haɗiye magana, kowa ya sani. Na tafi Mawashi na samu Babban Yaya na zazzage masa. Na ce 'yarsa da ke yawo da ƙafafunta, wa ya yi sanadi? Ya ce Allah ya raya ta. Na ce ta hannun wa? Ya ce, “Auta, ke malama ce a makaranta, nan gidana ne.” Na tashi zan fita a fusace, sai na ji ya ce, murya a dushe, “Da ya ƙara mani kwana kaɗan, da na hwaɗa da kaina. Bakina ya ƙwace mani.” Ban sani ba ko da zai faɗa ɗin. Na dai san shi ya yarda da haka, kuma yarinyar ba ta da kwanakin da yake nema.

Da Ƙaramin Yaya ya yi ritaya ya dawo Kankia, tari ya kama shi. Ya dinga sa riga biyu don kada a ga ramarsa, shi da ya san duk dabarun ɓoyo. Na gaya wa Babban Yaya, ya kuwa zo. Ina zaune a bakin ƙofa ina jinsu.

“Ya jiki?”

“Lahiya lau, Yaya. Ya gida?”

“Lahiya lau.”

Suka zauna shiru, wannan na kallon tabarma, wancan na kallon ƙofa, har aka kira la'asar. Wallahi ji na yi kamar in kama kawunansu in gwara. Tsofaffi biyu, nono ɗaya suka sha, kowa na mutuwar son ɗan'uwansa, an rasa mai fara buɗe baki.

A daminar da ta wuce ruwa ya sake yi mana gardama. Kaka ta zo ta wuce, ba a sauke komai a ƙofar gida ba. Yana kwance ya ce mini, “Bana dami bai zo ba.” Na ce bari in je in tambaya. Ya riƙe mini gefen zane ya ce, “A'a. Na san dalili, tun da na ga zangarniyar da ake kawowa kasuwa. Bar shi. Wataƙila bana shi hwaɗa.” Duk sallamar da aka yi a zaure sai ya ɗaga kai ya kasa kunne. Haka ya yi ta yi har ranar Larabar nan.

Aka tura mota Mawashi, aka dakata da komai. Liman ya riga ya kira wanda ya saba wankan gawa a unguwar. Sai ga Babban Yaya, ana riƙe da hannunsa saboda idon. Bai tsaya karɓar gaisuwa ba, ya ce, “Ni zan wanke shi.” Kowa ya san ba kowa ake ba wankan gawa ba, sai amintacce, wanda duk abin da ya gani a jikin mamaci zai rufe shi har ya shiga nasa kabarin. Kowa kuma ya san abin da ke tsakaninsu. Liman ya dube shi ya ce bismilla. Ya naɗe hannun riga ya shiga bayan zana, babban ɗan marigayin na zuba masa ruwa.

Ɗakin da nake zaune tagarsa na kallon wurin. Na ji zubar ruwa, sannan na ji murya. Da farko na ɗauka addu'a yake. Da na saurara sai na ji hira ce, irin ta zaure, a hankali.

“Ƙanena, bana gero bai yi ba. Shi ya sa ba ka ga dami ba. Ruwa ya ɗauke shina cikin bununi, bai kai ga yin ƙwaya ba. Babban rumbun nan naka da ka buɗe, ko rabi bai kai ba.” Ruwa ya zuba. “Idona na hagu ya tahi, na dama na bin shi. Tun bara ba ni ganin layin shuka, yara ke ja na. Ka ji? Ga shi ina hwaɗa maka.”

Ya yi shiru kamar mai jiran amsa. Sannan ya ci gaba. Ya daɗe yana magana, tun daga ciwon matarsa har mutuwar san nan, duk abin da ya tara. Sauran ba nawa ba ne da zan rubuta. Na cusa mayafi a baki don kada kukana ya katse shi. Abin da mutumin nan ya yi shekaru yana kasa kunne ya ji, ga shi ana zuba masa a kunne, an makara da safiya ɗaya.

Da maza suka shigo ɗaukar makara, Babban Yaya na tsaye a tsakar gida, rigarsa jiƙe har ƙirji. Wani maƙwabci da ya daɗe yana son sani ya matso kusa da shi ya rage murya, amma na ji shi. Ya ce, “Malam, ashe da gaske ne abin da ake hwaɗi? An ce jikin nan duk tabo ne, shi ya sa bai tuɓe riga.”

Babban Yaya ya juyo da idonsa mai yana ya dube shi. Ya ce, “Lahiya lau na same shi.”

Shekaru ina jin kalmar nan a bakinsa tana ƙona mini rai. Ranar ce kaɗai na ji ta na ce madalla.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka, Kai da ba a liƙe maka rumbu. Ka san abin da ya gani, Ka san wuraren da yake tsallakewa. Ka yafe masa, Ka yalwata masa makwanci, Ka sa jar dawar nan a mizaninsa. Ka rufa masa asiri kamar yadda wansa ya rufa masa. Ka kuma haɗa su a inda za su zauna su ƙarasa hirar, don shi Ƙaramin Yaya bai samu ya ba da amsa ba.